Rumbun Da Ba Ni Na Gina Ba

Shekara talatin da ɗaya ina kwaɓa laka
a gandun Alhaji Bobbowa, gabas da Figil,
inda farin dutse ke leƙowa ta ƙarƙashin ƙasa.
Rumbu tara na ɗora masa da hannun nan.
Bakwai na tsaye.
Biyu gara ta ci, kuma laifina ne.

Da ya rasu, 'yarsa Dudu ta zo daga Garwa da takarda.
Ta ce, Baba Tanimu, fagen audugar nan na bayar haya,
shekara ashirin.
Na ce, wa?
Ta ce, masu ajiyar wuta.
Na yi dariya har goro ya sarƙe ni.
Wutar da na sani, a toka ake binne ta,
da asuba a tono, a hura.

Katafila ta zo ran Talata.
Kunyoyin da na san kowanne da sunansa
suka zama shimfiɗa ɗaya kafin la'asar.
Tsamiya kaɗai ta tsira,
don Dudu ta tsaya a gindinta da lema, ta ce a'a.
Har gobe shingen waya ya lanƙwasa a wurin,
kamar mai ba babba hanya.

Sai kwantena goma sha huɗu, farare,
ba baki, ba murfin ciyawa, ba tsani.
Suna gurnani a hankali dare da rana
kamar amya a kan gawo.

Injiniyansu Tizi, ɗan Gidar ne,
siriri, yana cin gyaɗa daga aljihu.
Na tare shi na ce, yaro, me ke ciki?
Ya ce, rana.
Farantan can bayan kwalta suna tara abin da ya fi cikin gari,
nan ake juyewa.
In magariba ta yi, ruwan Lagdo ya gaza,
nan ake ɗiba.

Na ce, kaka da bazara ke nan a yini guda.
Ya daina tauna.

Na ce, to me ke ci?
Ba rumbun da ba shi da ɓarawo.
Nawa gara ne da ɓera da ƙanin mai gida.
Ya ce, zafi.
Shi ya sa fanka ba ta barci.
Kuma ba ma cika shi fal,
ba ma kwashe shi tas.

Nan na yi shiru.
Haka ubana ya faɗa mini a kan masakwa,
yana tsaye a tsani, ƙafa ɗaya a iska:
bar wa hatsi wurin numfashi,
bar wa gobe iri a gindi.
Bai taɓa shiga makaranta ba.
Tizi kuwa shekara biyar ya yi a Marwa kafin ya ji wannan.

Yanzu ni ne mai gadin dare.
Sefa dubu arba'in, da riga mai ƙyalli.
Ƙarfe bakwai gurnanin kan canja murya,
sai in ga Figil ta tashi daga duhu,
asibiti tukun, sai kasuwa, sai layin masu walda.
Matar Hamajoda ta haihu da tsakar dare
ba a riƙe wa ungozoma waya ba.
Na ji daɗin wannan. Ba zan ɓoye ba.

Amma wayar ta bi ta saman unguwarmu ne,
ba ta sauko ta sha ruwa ba.
Ina gadin rana sha huɗu a kulle
da tocilan da nake saya wa batir da kuɗina.

Dudu ta ce sandarmu na tafe.
Ta iso, gaskiya.
Wata uku ke nan tana kwance bakin rijiya,
awaki na hawa, yara na auna tsawonsu.

Ni dai jiya na jiƙa laka.
Rumbu na huɗu ya tsage ta arewa,
damina kuma ba ta karanta takardar haya.